Ranar da Baba ya koma sahu

Akwai wata safiya a gidanmu na Roni da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Na je gida wankan haihuwar fari, na tarar Baba ya zama wani mutum daban. Shi ne shugaban majalisar kansiloli kafin a tsige shi, kuma wanda ya jagoranci tsigewar ɗan amininsa ne, wanda ya tashi a gabansa. Tun daga nan Baba ya daina zuwa masallacin unguwa, don kada su haɗu. Mutumin da ba ya rasa jam'i, ga shi yana salla shi kaɗai a ɗaki. Wannan ya fi tsigewar ci mana rai.

Ran nan ina shan kunun kanwa, rediyonsa na ba da tarihin wani dattijo da ya taɓa shugabantar majalisar ƙasar Italiya. Aka ce ya daɗe yana kaɗa ƙararrawa kowa ya yi tsit, daga baya 'yan jam'iyyarsa suka juya masa baya. Amma bai daina zuwa majalisa ba, sai ya koma cikin sauran wakilai ya zauna, wanda ya gaje shi yana ba shi izinin magana.

Baba ya rage murya. "Uwata, kin ji? Har hannu yake ɗagawa."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na ce, "Na ji, Baba. Ga shi ba lada ake rubuta masa ninki ashirin da bakwai ba."

Inna ta zaro ido. Ni ma na tsorata da bakina. Baba ya daɗe yana kallon jaririyar, sannan ya ce, "Yau uwata ta yi mini faɗa."

Da aka kira azahar, sai muka ji ƙarar buta, muka ji ƙofa. Inna ta kasa ci gaba da tankaɗe.

Da ya dawo ya ce, "Gurbi ɗaya ya rage a sahu, kuma kusa da ɗan aminin nan nawa. Liman ya ce a haɗa kafaɗa. To, ya zan yi? Na haɗa. Sai na ji yaron yana rawar jiki, har na tausaya masa."

Inna ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Tun ranar na gane, ana iya raba mutum da kujera, amma wurinsa a sahu, shi kaɗai ke iya raba kansa da shi.