Ƙofar Bayan Gidan Modu

Masana sun ɓata tawada mai yawa wajen neman abin da ke ɗaga wata zuri'a ya bar wata a ƙasa. Wasu sun ce tarbiyya, wasu sun ce ilimi. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da tarihi, na isa ga matsayar da ba na jin za a iya ture ta: makomar zuri'a a jikin ƙofa take rataye, kuma ƙofar baya. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar taubashina Modu, ɗan goggona, Allah Ya jiƙansa, kuma ba a yi wata guda ban tuna da shi ba. Na so a ce ƙauna kaɗai ke tuna mini. Akwai ta, ba na musu, amma gidansa yana jikin nawa, kuma ina da ido.

Rana ɗaya muka sayi filayenmu a hannun mutum ɗaya, a wani gefe na unguwar Wulari a Maiduguri da a lokacin awaki suka fi mutane yawa. Kowanne kuɗinsa bai wuce na sabon babur ba. Girmansu ɗaya, titi ɗaya a gaba, lungu ɗaya a baya. Ni malamin makaranta, shi ɗan kasuwar bandar kifi, wanda in ya zauna a zaurenka sai an kwana biyu hanci na ba da labarin zuwansa. Na gina nawa yadda na taso na gani a Hausari: zaure mai faɗi, katanga daidai kafaɗa don maƙwabci ya iya miƙo gaisuwa, can ƙuryar baya kuma ɗaki guda na littattafai. Modu ya ɗaga katanga kamar zai tsare fursuna, sannan ya fasa ƙofa a baya wadda mota za ta iya fita ta cikinta.

Dalilinsa ba na hangen nesa ba ne, kuma ina so tarihi ya rubuta wannan. Modu hannunsa a dunƙule yake, amma yana tsoron ƙarya. Idan 'yan'uwa suka yi sallama da sassafe da irin muryar nan ta mai neman taimako, sai ya zura takalmi ya bi ta lungu, matarsa Ya Falmata ta leƙo ta ce, "Yanzun nan ya fita," ba tare da ta ɗauki zunubi ba. Ni ma an sha gaya mini haka, ko da yake ban taɓa roƙonsa komai ba sai kunne. Da na yi masa tsiya a kan ƙofar, sai ya ce, "Ɗan kawu, kabari ne kaɗai ya kamata a shiga ba a san ta inda za a fita ba." Na ce masa bawan taubashinsa bai isa ya koya mini gini ba. Muka yi dariya, ya hana ni ragowar shayin.

Sai shekarun nan marasa daɗi suka zo, waɗanda duk ɗan Maiduguri ya san su ba sai an faɗa ba. Mutane suka riƙa sayar da gida a kuɗin tsohuwar mota don su samu na barin gari. A cikin wannan hali hawan jini ya kayar da Modu, ya tafi yana ganin ya binne dukiyarsa a bulo. Bai san cewa ƙungiyoyin agaji na hanya ba, da fararen motocinsu, suna neman gidajen haya kamar masu neman ruwa a bazara.

Gidana suka fara shiga, don shi ne farko a layin. Wani matashi mai ladabi, da abin awo a hannu, ya yaba zauren, ya yaba shayin, sannan ya ce, "Baba, ina hanyar fita ta biyu?" Ashe dokarsu ce ba sa kama gidan da in wani abu ya faru ta gaba, ba za a iya ficewa ta baya ba. Na yi masa bayani mai tsawo a kan yadda gidan mutunci ke fuskantar baƙonsa. Ya saurara har ƙarshe, ya gode, ya shiga gidan Modu. Hayar shekara biyu suka biya a dunƙule, kuma dillalin da ya haɗa cinikin, Kyari, ya rantse mini cewa ta shekara ɗaya ta fi abin da marigayin ya kashe tun daga filin har kwanon rufi. Suka haƙa rijiyar burtsatse, suka jera sola, suka yi fenti, duk da aljihunsu. Ya Falmata ta sauke farali, magada suka gina ɗakunan ɗalibai a Mairi, inda haya ba ta da kauri amma ba ta yankewa.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, ni na yi wa gonar Modu hidimar da ko 'ya'yansa ba su yi mata ba. Da wayo ya fi ni, da na haƙura, don na saba ba ɗalibi mai ƙwazo makinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne rowa aka ba lada. Mutum ya fasa bango don ya guje wa zumunci, bangon ya zama rijiyar da jikokinsa za su sha. Ni na buɗe zaure, abin da na tara shi ne tabarmi da suka ƙoƙe.

Kuma maganar ta wuce ta zuciya. Shirina tun da na yi ritaya shi ne in ba da gidan haya, mu koma ɗakunanmu na gado a Hausari, abin da ya shigo ya riƙe karatun likitan da autata Hauwa ke yi. Fansho ba ya kai tsakiyar wata. Duk wanda Kyari ya kawo mai kuɗin kirki, tambayar nan ɗaya yake yi, ni kuma ina nan a kan bakana, shekara na bin shekara. Bara, da aka ƙara kuɗin makaranta har Hauwa ta fara maganar ajiye karatu, na sauko. Wurin da ƙofar za ta fita kuwa ɗakin littattafaina ne. Na zuba su a kwalayen taliya, na kira magini, na ƙara tsayin katanga har na daina ganin hular maƙwabcina, ragowar giratutina ya bi siminti da ƙarfe.

Ranar da ake rataya ƙyauren Ya Falmata ta zo wucewa. Ta tsaya ta duba aikin sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ashe kai ma ka fara gudun baƙi? To wa zai riƙa cewa yanzun nan ka fita?" Na ce, "Ya Falmata, ai mijinki ne ya bar mana sunna." Ta ce, "Shi tun ba a san da lada ba ya yi. Kai sai da ka ga lada."

Nakan tambayi kaina me Modu zai ce da zai leƙo yau. Farashin fili a layinmu ya kai inda malamin makaranta ko tambaya ba ya yi, don kada a ɗauka wasa yake. Ina jin da farko zai zauna yana lissafin 'yan'uwan da za su yi sallama da safe in sun ji labarin hayar, sannan ya tambaya ko za a iya fasa ƙofa ta uku. Bayan haka zai zagayo lungu ya ga tawa, ya yi dariyar nan tasa da ke ƙarewa da tari. Wannan dariyar nake kewa, ko da a kaina za a yi ta.

Me ya rage na Modu? Bai bar littafi ba, bai bar ɗalibi ba. Ya bar mace da ba ta taɓa yin ƙarya dominsa ba, da 'ya'yan da ba su roƙi kowa ba, da taubashin da ya yi shekaru yana ƙyashinsa, daga ƙarshe ya kwaikwaye shi bulo da bulo. Allah Ya yafe masa rowarsa, ni kuma Ya yaye mini abin da ke raina.

Ƙungiyar da ke gidan Modu ta kwashe kayanta tun kafin azumi, an ce kuɗin tallafi ya ja baya. Kyari ya ce masu neman haya yanzu magidanta ne, kuma ba sa son gida mai ƙofa biyu saboda ɓarayi. Jiya ya turo mini farashin bulon da zai toshe tawa.