Nagoggo Maharbi a Dajin Waya

Duk wanda ya san Magama shekaru arba'in da suka wuce ya san Nagoggo maharbi. A zamanin nan daji na masu shigarsa ne. Da kaka ta wuce aka kai amfanin gona rumbu, sai ya saɓa bindigarsa adaka ya nufi yamma, inda aboki nasa Ɗanmaraya, mutumin Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar, yake jiransa a gindin wata tsamiya. Ma'aikatan duwan, wato kwastan na kan iyaka, sun san su, ba su tambayarsu takarda, sai dai su ce a tuna da su idan an samo zabi. Sukan yi kwana biyar, wani lokaci mako guda, su dawo da barewa ko gada.

Yau adakar tana rataye, kuma ba tsufa ne ya rataye ta ba. 'Yan bindiga sun mamaye dajin, ciwon ƙafa kuma ya kwantar da Ɗanmaraya. Sukan gaisa ta waya, amma gaisuwar ba ta wuce tambayar jiki da iyali. Abin da Nagoggo yake so, ko da yake bai taɓa furtawa ba, shi ne su sake takawa tare ko sau ɗaya.

Ɗansa Sadiq, magidanci mai shagon gyaran waya a Jibiya, shi ya zo da labarin wata Talata da hantsi. Wani sabon wasan harbi ne da ba a riga an sake shi ba, masu shi sun buɗe gwaji na kwana uku. Ana shiga ƙungiya ƙungiya, kowa daga garinsu, ana jin muryar juna. Ya ce Zaituna, 'yar Ɗanmaraya, za ta iya sa wa mahaifinta a wayarta.

Nagoggo ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa. Ya yaba itatuwan, ya ce wanda ya zana su ya taɓa zama a inuwa. Amma ya nemi sawu a ƙasa bai gani ba, ya tambayi ta ina iska take busowa aka ce babu iska.

"To mi ake harbi ciki?"

"Mutane, Baba. Na wata ƙungiya."

"Irin wanga daji ai muna da shi bayan gari," in ji tsohon, ya ajiye wayar a tabarma.

Sai muryar Ɗanmaraya ta fito daga cikinta, ashe Zaituna ta riga ta sa masa. "Kai Nagoggo, tsoro ka ji? Ni ga ni tsaye da ƙafafu biyu, sabbi fil."

Nagoggo ya sake ɗaukar wayar. Ga wani saurayi sanye da sulke yana ta tsalle wuri ɗaya, don Ɗanmaraya bai san maɓallin da yake dannawa ba.

"Ashe da ƙafafun ma ba ka iya tafiya ba, tsohon banza."

"Rezo ne ba kyau," in ji Ɗanmaraya, yana nufin sabis ɗin waya. "Wuce gaba, kamar da."

Sadiq ya nuna wa mahaifinsa inda zai sa yatsa, suka shiga su uku. Ba su yi nisa ba wani abu ya motsa a bayan dutse. Sadiq ya ce a harba. Nagoggo bai harba ba. Ka'idar da ya tashi da ita ita ce, ba a sakin harsashi ga abin da ido bai tantance ba sai an yi fito sau biyu, domin kada ya zamana ɗan'uwa ne. Ya yi fiton. Daga Ɗan Isa aka amsa masa, daidai yadda ake amsawa a da. Na bayan dutsen kuwa ya zubar da su duka uku.

Kwana biyu haka aka yi ta yi, har Sadiq ya ce sunansa ya lalace a wurin abokan wasansa. A rana ta uku Nagoggo ya ce masa ya je ya yi harbinsa, su kam sun ga wani rafi can gefe inda ba kowa.

Suka taka a hankali, ɗaya gaba ɗaya baya, har bakin rafin, suka durƙusa. Can nesa ana ta ɓarin wuta. Ɗanmaraya ya ce rafin ya yi kama da wanda ya harbe wata gada a bakinsa shekarar fari. Nagoggo ya ce ƙarya ne, harsashinsa ne ya fara samunta. Suka kama gardama, kowa yana kawo shaidu waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya.

Sadiq ya leƙo ya ce, "Baba, filin wasan yana tsukewa. Idan ba ku tashi ba za a fitar da ku."

"A fitar," in ji Nagoggo. "Ɗanmaraya, ci gaba da ƙaryarka, ina jinka."