Yatsu Biyar a Cikin Randa

Kakata Iya Ige maginiyar tukwane ce a Gulma. Ranar gashin tukwane ita ce ranarmu. Bayan Magariba za ta jera tukwanen a bayan gida, ta rufe su da kara da ɓuntun shinkafa, ta cinna wuta. Tunda sai an zauna gadin wutar, mu jikoki mukan kewaye ta, fuska zafi, baya sanyi.

"Ga wata nan tafe, ku tare ta," in ji ta.

"Ta iso mu ji ta!"

Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya. Wai an yi wata budurwa da ta kwana uku tana gina randa, irin wadda ba a taɓa gani ba. Ta ajiye ta a inuwa ta sha iska. Ƙanwarta ƙarama ta lallaɓo ta zura hannu ciki, ta danna yatsunta a ɗanyen yumɓu. Budurwar ta zabga mata mari, ta ce ta ɓace mata da gani. Yarinya ta fita tana kuka, ta bi masu yankan shinkafa zuwa gulbi. Jirgin da suka shiga ya kife.

Na ce, "Iya, sai babban kifi ya dawo da ita ko?"

"Ba ta dawo ba, ɗiyata. Kwana biyu anka yi ana biɗa."

"To yayar fa?"

"Mi za ta yi? Ta gasa randarta."

Ta miƙe ta ƙara kara a wuta. Ko rufe tatsuniyar ba ta yi ba. Na fashe da kuka, har mahaifiyata ta fito tana tambayar wa ya taɓa ni.

Na girma na koma Birnin Kebbi, na buɗe shagon hoto a Nasarawa, ina kuma taɓa ginin yumɓu a gida. Bayan rasuwar Iya na je Gulma in ɗauki hoton abin da ta bari. Tsohuwar randar ɗakinta ta bushe, sai na haska fitila ciki don in ga kaurinta. A ƙasan wuya, ga sawun yatsu biyar, ƙanana, sun nutse sosai.

Na zauna a ƙasa ina kiran Kawu Bawa, babban ɗanta. Ya leƙa cikin randar, ya ɗago ya dube ni.

"Ashe ba ki sani ba? Balki ke nan, ƙanwarta. Sunanta anka sa miki."

Shekara nawa ina shan ruwan randar nan! Ta zaunar da ni gabanta, ni mai sunan, ta faɗa mini abin da ya fi ci mata rai a duniya, ni kuwa ina neman kifi.

Tun daga ranar aikina ya canza. Da can hoton da ya ɗan girgiza gogewa nake yi, tukunyar da ta sami tabo in murje ta. Yanzu hannuna ba ya yarda. Kwanan baya wata mata ta kawo hoton mahaifinta marigayi, ta ce in gyara shi, in share wani yaro da ya kutso kai ta gefe.

Na ce, "Hajiya, wane ne yaron?"

Ta ce ɗan maƙwabta ne, ba kowa ba.

Na wanke mata guda biyu, na ce ta ajiye wanda ban taɓa ba a ƙasan akwati.