Bi ta Rariya

Jiya aka yi ruwan fari. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo mini har ɗaki, sai ga hawaye ban shirya ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka ku yi haƙuri in na tsaya share ido.

Gabas da ƙauyenmu, a ƙasar Magariya, akwai kufai, inda wani babban gari ya zauna kafin rairayi ya binne shi. Kakata ta wajen uba a can aka haife ta, cikin gidajen ƙarshe da suka rage. Mu da muka taso ba mu tarar da komai ba sai gonar hatsi da fasassun tukwane. Amma duk shekara, in aka yi ruwan fari kafin shuka, sai ta ɗauki sandarta ta nufi can. Takan ce a ranar ce kaɗai garin ke nuna kansa, domin ruwa bai manta hanyar da mutanen dā suka gyara masa ba. Yana ratsa tsakanin gidaje ya gangara tafki, inda bango yake a ƙasa kuma yakan riga bushewa.

Shekarar da ta fara tafiya da mu, ni da yayata, abin dariya ya ba ni. Fili fetal, amma tsohuwa tana karya kwana, tana raɓewa kamar kafaɗarta za ta gogi katanga. Ni kuwa na yanka a guje, miƙe.

"Ke! Ta ɗakunan mutane kike bi? Bi ta rariya!"

Ƙauyenmu na bukkoki ne da darni, rariya ɗaya na sani, ta tankaɗen gari. Ban san haka mutanen birni ke kiran hanyar da ke tsakanin gidaje ba, haka kuma suke kiran kafar da ruwa ke fita a gindin bango. Na ce, "Kaka, ai ba mu zo da ita ba, tana rataye a madafa."

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna mini wani gawo a bakin gonar, ta ce in zauna in tsare musu gorar ruwa.

Kun san gawo, da damina yake zubar da ganye. A gindinsa nake zama kowace shekara, ba inuwa, ina hango su. Kaka tana nuni da sanda, yayata tana gyaɗa kai. Akwai wani wuri da sukan tuɓe takalma, su yi sallama, su daɗe a zaune. Na san gidanmu ne, amma daga nesa duk ƙasa iri ɗaya ce. In sun dawo, yayata takan yi ta zancen marina da rijiyar da aka ɗaure da dutse, tana wani yauƙi kamar a can ta kwana. In na tambaye ta sai ta ce, "Sai kin yi hankali." Ita da ba ta girme ni da komai ba! Zuciyata takan yi zafi har in kasa cin tuwo.

Kaka ta rasu, aure ya kai yayata Sassumbrum, ta tafi da garin duka cikin kanta. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi kaɗai nake faɗa wa wannan. Yakan ce, "Wai har yanzu kina gindin gawon nan? Tashi mu ɗauko yayarki a amalanke ta nuna miki." Ina ta cewa sai bayan girbi, har ta rasu. Shi ma ya bi ta, ya bar ni ba mai tsokanata.

Bara masu haƙar ƙasar bulo suka ci karo da bango. Masu bincike suka zo daga Damagaram, suna share rairayi da 'yan ƙananan tsintsiya. Da yake ni ce mafi tsufa, maigari ya sa aka kai ni. Na ga rariyoyin da idona, miƙaƙƙu, da indararon yumɓu, da bakin rijiya da guga ya cinye dutsensa. Har masu tsintsiyar na ji haushinsu, baƙi sun riga ni taɓa bangon gidanmu.

Wata budurwa a cikinsu ta durƙusa ta ce, "Inna, an ce kakarki 'yar nan ce. Wanne ne gidanku?"

Na waiwaya, ga gawon yana nan. Na dubi ƙofofin, ga su birjik. Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Wadda ta sani tana kwance a Sassumbrum."

Yanzu fanfo ya zo ƙauye, ba mai duba inda ruwan sama ke bi, yara kuma ta ko'ina suke ratsawa. Ni dai ranar da aka kai ni kufan na karɓi sandata na sauka. Na bi ta rariya a hankali, ban tsallaka bangon kowa ba. Kowace ƙofa na zo, sai in tuɓe takalma in yi sallama, domin ɗaya daga cikinsu tamu ce.