Tantabarar Baba da Farin Zare

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da tantabara ta yi mana aikin waya ba.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Dogon Dawa, kuma mayen rediyo ne. Duk abin da ya ji sai ya juye mana: wai zuma ba ta ruɓewa, wai hasken tauraro kan yi shekaru kafin ya iso ido, wai a yaƙin duniya da tantabaru sojoji ke aika saƙo. Mutanen gari dariya suke masa, shi kuwa ko a jikinsa.

Shekarar da aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, ciwo ya kwantar da Inna, dole sai asibitin Birnin Gwari. Baba ya ƙi bin mu. Dawa ta nuna a gona, kuma ya rantse ba zai bar wa ɓarayin daji ko zangarniya ɗaya ba. Muna shiga mota cikin rakiyar sojoji sai ya miƙo mini kwando da tantabararsa a ciki.

"In innarku ta farfaɗo, ka ɗaura wa tantabarar nan farin zare a ƙafa ka sake ta. In Juma'a ta yi ban ga komai ba, zan hau babur in taho."

Direba ya tuntsire da dariya. "Baba, ko dai ta miya ce?"

Ni kam ban yi dariya ba. Na san hanyar nan, na san taurin kan tsohona. Mutum shi kaɗai a babur ba rakiya, ai ya kai musu kansa ne.

Ranar Alhamis Inna ta buɗe ido ta nemi kunu. Na zaro farin zare daga bakin mayafinta, na ɗaura, na fita bayan asibiti na saki tantabarar. Ta yi kewaye, ta miƙe ta saman dajin da ya gagare mu. Wallahi ban san sanda na ɗaga murya ba: "To, ku tare wannan mu gani!"

Da muka dawo gida, babur na jingine a zaure, dawa na rumbu, farin zaren kuma na ɗaure a hannun rediyo. Baba ya dubi Inna, ya share ido, ya ce, "Ku gaya wa direban nan miyarsa ta iso."

Tun ranar na gane babu ilimin banza, kuma mai bindiga hanya kawai ya iya tarewa. Yau ni ma tantabaru nake kiwo, mai dariya ya yi ta yi.