Rigar da Inna Ta Ɗinke Mini

Sati uku na yi ina lalata riga guda ɗaya, kuma da gangan.

Katun ɗin Japan ne ya jawo, wanda ake kira anime. Tun ina sakandare nake kallonsa a waya, ina zuwa wajen masu tura finafinai a kasuwar Gummi suna cika mini memori. Daga baya na shiga wani guruf na masu irin ciwona, yawancinsu 'yan Abuja da Kaduna. Wata rana aka sanar za a yi taro a Abuja, kowa ya zo da shigar jarumin da yake so. Na rubuta cewa zan zo. Sai wani ɗan rainin hankali ya tambaya ko Gummi a Najeriya take, ya ce in zan zo in taho musu da shinkafa, shigar kuwa in bar wa masu ita. Aka yi ta dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a ranar na ƙudurta sai na je da shigar da ba mai iya kushe ta.

Jarumin nawa matafiyi ne marar gida, da doguwar baƙar riga buɗaɗɗiyar gaba wadda yaƙi da tafiya suka cinye. Takobinsa ban ma yi gigin sassaƙawa ba, don a hanyarmu ta yanzu ba mai hankalin da zai hau mota da takobi, ko da na katako ne. Ke nan rigar ce kaɗai abin da zan nuna. In ta fito na fito, in ba ta fito ba na zama ɗan ƙauyen da ya zo kallo.

Na sayi yadin akoko, na rina shi da baƙar galura, na kai wa telan unguwarmu tare da hoton. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya tambaye ni ko mahaukaci zan fito a wasan kwaikwayo. Ya ɗinka dai, amma ya rantse ba zai sa almakashinsa ya yaga abin da ya ɗinka da hannunsa ba, in je can in yi ta'asata ni kaɗai.

A bayan rumbunmu na yi ta. Yaga ba ta da sauƙin da mutum yake zato. In ka sa almakashi sai ta fito a miƙe, kowa ya gane ta jiya ce. Dutse na samu, nake gurza bakin rigar har zare ya saki da kansa. In tsayar da katun ɗin, in duba inda kowace yaga take, in koma in gurza. Hujin kafaɗa da garwashi na yi shi, na ƙona yatsana sau biyu. Na ɗebo lakar fadama na shafe ƙasanta, na tauna goro har haƙorana suka yi tsami na fesa a ƙirji a madadin busasshen jini. Kullum in na gama sai in naɗe ta in cusa ƙarƙashin katifa, don na san halin Inna, mahaifiyata.

Saura kwana biyu in tafi, aka ce a fita yankan shinkafa. Tun asuba muka fita fadama, sai bayan la'asar na dawo. Ina shiga ɗaki na ga an share, an fitar da katifar ta sha rana, ga rigata a ninke a kan filo.

Na buɗe ta. An wanke ta tas, ba laka ba goro. Kowace yaga an ɗinke ta. Hujin kafaɗa an yi masa faci da ƙyallen baƙin zane, bakin ƙasan an kalmashe shi tsaf, har guga aka yi mata da dutsen gawayi.

Na fito tsakar gida ina ɗaga murya, abin da ban taɓa yi wa Inna ba. Na ce ta kashe ni, ta rusa mini aikin sati uku. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wanga tsumma za ka tahi da shi Abuja?" ta ce. "A gan ka a ce ɗan wa?"

Na durƙusa na buɗe mata katun ɗin, ina ta bayani cewa haka mutumin yake, yagar ita ce shigar. Ta karɓi wayar ta kawo ta dab da fuskarta, don idonta ya yi rauni, ta daɗe tana kallo.

"Shi wanga, ina uwatai?"

Na ce a cikin labarin ta rasu tun yana ƙarami.

"Allah sarki. Shi ya sa."

Ta miƙo mini wayar ta ci gaba da tankaɗenta.

Na koma ɗaki na duba ɗinkin da kyau. Ƙanana ne, a jere, kamar na keke. Matar da sai ta gwada sau biyar kafin ta zura zare a allura, ita ta wuni a kan wannan. Kunya ta kama ni, kuma wallahi na so in haƙura in tafi da ita haka nan. Amma na san in na shiga taron da gogaggiyar riga mai faci, ba wanda zai gane wa na fito. Ban yi sati uku ina gurza dutse don haka ba.

Washegari da safe bayan an karya, na ɗauko reza na zauna a ƙofar ɗakina, a fili, don ban so ta ce na ɓoye mata. Na fara warwarewa. Ɗinkin ya ƙi. Sau biyu rezar ta zame ta yanki yadin a miƙe, irin yankan da nake gudu. Gumi ya jiƙa ni, amma ban ajiye ba. Inna ta wuce ta gabana sau uku, da tsintsiya, da ƙwarya, da hannu haka nan. A na huɗu ta jawo kujerarta ta zauna, ta ce in kawo, ina ɓata rigar, ita ta san inda ta ƙulla kowane zare.

Ta karɓi rezar. Sai ta lalubo ƙullin da yatsa, ta tsinke shi, ta ja zaren ya fito gaba ɗaya. Ni ina riƙe mata ɗaya gefen. Kafin azahar ta warware aikin wuninta duka, ta ɓamɓare facin ta sa a cikin gwangwanin allurarta. Na ba ta haƙurin ihun jiya, ta ce in tashi in nemo lakata tun da sauran rana.

Ranar tafiya ita ta ninke rigar ta sa a leda ta ɗaure. Ta ce kada in kuskura in saka ta sai na bar ƙasar Gummi. Har na kai zaure ta kira ni.

"In an tambaye ka, ka ce kai taka uwa tana nan."

A Abuja tun daga ƙofa aka gane wanda na fito. Aka yi ta ɗaukar hoto, ana shafa bakin rigar ana tambayar inda na yi odarta. Zancen uwa kuwa ba wanda ya tambaye ni, dama wa zai tambaya? Da layi ya zo kaina aka miƙo mini makirufo a kan dandamali, aka ce in faɗi inda na fito da jarumin da na yi shigarsa. Na faɗa. Sannan na ƙara da cewa rigar ce marainiya, ni uwata tana nan da ranta a Gummi.

Wasu suka yi dariya, don ba su gane ba. Ban yi musu bayani ba. Na miƙa makirufon na sauka da sauri.