Layar da ke bayan tablo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina karyawa ɗazu jikana ya miƙo mani waya: Baba Nomau makanike ya rasu a Madarumfa. Kokon ya gagare ni sha.

Ku yaran yanzu ba ku san shi ba. Ni kuwa shi ya tsare mani abincina.

Wajejen 1971 ina shofer, ina ja wa wani Bature mai sayen gyaɗa mota. Motarsa na da agogon da ke nuna juyin inji. Kwatsam allurar ta haukace, ta haura ta faɗo, musamman a hanyar Gabi. Bature ya ce ni ke kashe mashi mota. In Juma'a ta yi ba ta daina ba, in ajiye makulli. Ga shi matata na da tsohon ciki.

An canza buji a Maradi, an duba batir, a banza.

Da na kai ta wurin Baba Nomau, ko murfin inji bai buɗe ba. Ya shiga gaba, ya ce in ja, ya rufe ido. Mun yi nisa cikin gargada, allura na ta rawa, sai ya ce injin lafiyarsa lau, ko tari bai yi ba. Ya zura hannu bayan tablo, allon gaban mota inda agogon yake, yana lalube. Wallahi gabana ya faɗi.

Layar da innata ta ba ni ya jawo. A jikin wayar agogon na ɗaure ta a ɓoye. In mota ta girgiza sai ta yi lilo ta ja wayar.

Da Baturen nan zai ga layar, da kashina ya bushe.

Baba ya ɗaure waya, ya mayar da layar ƙarƙashin kujera. Ya ce: "Ƙanena, addu'ar uwa ba ta ɓata mota. Wurin ɗauri ne ba ka iya ba."

Bature kuwa, waya ce ta kwance kawai ya gaya mashi.

Har yau ina mamakin kunnen bawan Allahn nan.

Bara na je gaishe shi, ido ya tafi. Muryata kaɗai ya ji, ya yi dariya ya ce ina layar inna? Shekara hamsin da ɗoriya, ko matata ba ta san zancen ba. Yau ni na tona da bakina.

Allah, yadda ya rufa mani asiri Ka rufa mashi, Ka haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta, don Allah ya sa Baba Nomau cikin addu'a.